Askar da Na Kashe wa Baba

A wurin aiki Mai Kumfa suke ce mini, kuma ban taɓa jin haushi ba, don ni na jawo wa kaina. Ina da aska goma sha ɗaya irin ta da, mai naɗewa cikin mariƙinta, da buroshi huɗu, da sabulan aski da suka cinye kantar banɗaki har matata ta gaji ta kwashe man shafawarta ta kai ɗaki. Wasu ƙwallo suke bi, wasu tattabaru suke kiwo. Ni kuwa a ba ni tsohuwar aska mai tsatsa da dutsen washi a ja mini ƙofa, an gama da ni.

Wurin Baba na ɗauko cutar. Tela ne, ya fi shekara arba'in yana yanka yadi, kuma tunda yake bai taɓa zama gaban mai aski ya miƙa masa haɓa ba. Askarsa ɗaya ce tal, mai baƙin mariƙi na ƙaho, ta sha washi har ta rame. Kullum da safe zai jingina ƙaramin madubi a tagar ɗakinsa, ya jiƙa buroshinsa na gashin doki a ruwan ɗumi, ya yi ta juya shi a kwanon sabulu har kumfa ta yi kauri. Sai ya ja askar a kan fatar washi da ke rataye a ƙusa, sau talatin, ba ƙari ba ragi. Ya gwada ta a gashin hannunsa na hagu, in ta ɗauke, sannan ta hau fuska. Ya gyara kumatu da wuya, ya fitar da layin gemunsa tsaf kamar ya zana da alli. Da ido ya yi rauni ya bar shago, wannan rabin awar ce babban aikin hannun da ya rage masa.

Sai hannun ya fara rawa. Ba sosai ba, in ya ɗauki kofin shayi ne za ka ji cokali yana 'yar ƙara. A daidai lokacin likita ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini, ya kuma ja mana kunne cewa ko ɗan yanka ne, jinin zai yi wuyar tsayawa. Ba a yi wata ba Baba ya yanke a ƙarƙashin kunne. Yankan bai kai tsawon farce ba, amma sai da ya ɓata tawul biyu.

Yayata, wadda take zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarmu, ta kira ni a waya.

"Auta, ka zo ka raba tsohon nan da wuƙar nan."

"Aska ce, Yaya, ba wuƙa ba."

"Ko ma mece ce. Na saya masa injin aski, ya ce shi ba ciyawa ba ne da za a bi shi da inji. Kai ka san kan abin, kai za ka san yadda za ka yi."

Abin da ya kamata shi ne in zauna gabansa in ce, Baba, muna jin tsoro, ka bari in riƙa tsayawa kusa da kai in za ka yi aski. Magana ce ta minti biyar. Amma ni matsoraci ne mai wayo, kuma irinmu mun fi kowa ɓarna.

Akwai wani abu da mu masu wasa aska muke yi. In za ka sake wa aska baki tun daga tushe, sai ka fara kashe tsohon kaifin: ka ja bakinta sau ɗaya, a hankali, a gefen kofin gilashi. Shi ke nan. Ido ba zai ga komai ba, tana nan tana ƙyalli, amma ba za ta ɗauke ko gashi ɗaya ba, kuma ja a fata ba ya dawo da ita. Ranar Asabar da na je, Baba yana ƙofar gida da rediyonsa, na shiga ɗakinsa na ɗauki kofin da yake shan magani da shi, na ja. Lissafina shi ne zai gwada a hannu ta ƙi ci, ya gaji, ya ɗauki injin, ba wanda ya ji kunya.

Na manta ɗan wa nake. Asabar ta gaba na same shi fes, layin gemu kamar an ja da zare, yana ta murmushi.

"Ta so ta yi mini gardama," ya ce. "Kwana biyu muna fama a kan dutse. Na nuna mata ni na girme ta."

Na yi dariya tare da shi. Da ya fita alwala na sake ɗaukar kofin.

Sau uku na yi. Ina so in ce Yaya ce ta matsa mini, kuma ta matsa ɗin, amma ba hannunta ne ya riƙe kofin ba. A karo na biyu kwana huɗu ya yi kafin ya dawo da kaifin. A na uku Yaya ta ce tun safe yake zama da dutse da kwanon ruwa har rana ta take, abinci ya huce a gefe. Hannunsa na hagu duk ya yi jajir saboda gwaji.

Asabar ta huɗu ban samu damar taɓa kofi ba. Yana zaune a bakin gado, gashi ya fito masa fari a kumatu, askar tana kan cinyarsa.

"Auta, yanzu kai ne masanin. Duba mini ita da wannan gilashin naka." Ya miƙo mini. "In na wasa ta sai ta ci kwana biyu uku ta mutu. Yanzu ma ta ƙi tashi sam. Ka faɗa mini gaskiya. Ƙarfen ne ya gaji, ko hannuna ne ya daina iya washi?"

Na ɗora gilashin ƙara girma a ido, na daɗe ina juya ta kamar mai neman wani abu. In na ce ƙarfen ne, zai ce in kawo masa ɗaya daga cikin nawa. In na ce bari in wasa masa, mun koma inda muka fara. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa ta bayansa, tana girgiza mini kai.

Na ce, "Ƙarfen lafiyarsa ƙalau, Baba."

Ba ƙarya na yi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai har yau. Ya dubi hannayensa, ya juya su ciki da baya.

"To," ya ce. "Ashe ni ne."

Ya goge askar da gefen rigarsa, ya naɗe ta, ya sa mini a aljihu da kansa. Har haƙuri ya ba ni, wai ya cinye mata baki da washin banza, in gyara ta in riƙe.

Mun samu abin da muke so, bai sake yankewa ba. Amma ba aski kaɗai ya bari ba. Jikoki suka kawo masa riga maɓalli ya cire, ya ce a kai wa mai hannu. Ya daina ɓare lemo. Ya daina zuba wa kansa shayi. In yana zaune sai ya tura hannayensa ƙarƙashin cinya kamar yaron da aka hana taɓa kaya. Yaya ce take bin fuskarsa da inji duk mako, layin gemun ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya, shi kuwa ko a jikinsa. Madubin ma ya ce a ɗauke daga taga.

Wata uku askar tana cikin durowata ban buɗe ta ba. Ranar da na zauna da ita a kan dutse, minti ashirin ta ɗauka. Minti ashirin, ta koma tana tsinke gashi tun kafin ta taɓa fata. Na zauna ina kallonta, na ji na tsani duk wata aska da ke gidan.

Washegari na ɗauki askar da buroshi da sabulu na tafi. Na durƙusa gabansa na faɗa masa komai: kofin, Asabar uku, yadda nake jira ya fita. Na ce hannunsa bai taɓa kasawa ba, sau biyu ya ta da askar da aka kashe, abin da rabin abokaina masu duwatsu masu tsada ba za su iya ba. Na ce ya yafe mini.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sai ya yi murmushi ya dafa kaina.

"Allah ya yi maka albarka, Auta. Tun kana ƙarami ba ka iya ƙarya ba, yanzu ma ba ka iya ba. Wa ya kitsa maka wannan, yayarka?"

"Wallahi Baba, haka aka yi."

Yaya ta shigo tana kuka ta ce gaskiya ne, ita ta sa ni. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi 'yar dariya.

"Kun haɗa baki kuna so ku faranta wa tsoho rai. Na gode. Amma kai da ka fi son aska a kan abinci, ka ja ta a gilashi? Haba."

Na buɗe askar na sa masa a hannu, na ce ya gwada ko sau ɗaya. Ya riƙe. Wata uku hannun bai yi aikin komai ba, ga mu biyu mun zuba masa ido, sai askar ta shiga kaɗawa har bakinta yana walƙiya a bango. Ya miƙo mini ita da sauri.

"Ka gani? Ni na san hannuna."

Can ya hango buroshin a cikin jakata.

"Tunda ka zo da sabulu, yi mini."

Ya jingina da bango, ya ɗaga haɓa, ya rufe ido. Mutumin da bai taɓa miƙa wa kowa wuyansa ba. Na haɗa kumfa na shafa masa, na ja fatar kuncinsa da yatsa, na ɗora askar. Ta bi gashin sumul, ko ƙara babu. Na fitar masa da layin gemun yadda yake yi, ina yi ina share idona da kafaɗa.

Da na gama ya shafa kumatunsa da bayan hannu, ya jinjina kai.

"Ka ji yadda take ci," ya ce. "Dama na faɗa maka, askar ba ta da laifi."