Komar Manasse

Malam Haruna na juya koma cikin tukunyar bagaruwa lokacin da Dorkas ta leƙo ta kan katanga.

"Malam, don Allah ka tsamo ta ya gani. Numfashinsa ya sauya."

Manasse, mijin Dorkas, maƙwabcin Haruna ne, kuma tun suna samari tare suke su a tafkin Madarumfa. Shi kaɗai ya rage mai komar zaren auduga a garin, kowa ya koma ta roba. Kowace shekara kafin a buɗe tafki yakan rina ta da bagaruwa don kada ruwa ya cinye zaren. Bana ciwo ya kwantar da shi, likita ta sallamo shi gida, bai roƙi kowa kome ba sai abu guda: ya ga komarsa ta yi ja. Shi ya sa Haruna ya karɓi rinin.

Haruna ya goge hannu ya shiga ɗakin.

"Mai jar koma," ya ce, "kifi dai na ganinka."

Manasse ya yi murmushi da ƙyar. "Har yau ba ka san maganar ba, Haruna."

"Na san ta sarai. Daga bakin mahaifina na ji: jan zare na bayyana cikin ruwa, kifi ya kauce. Mai ɓoye nufinsa ake wa ita, alhali an riga an gano shi."

"Wannan fassarar ƴan kasuwa ce. Malalatan da suka kasa rini ne suka ƙago ta don haushi. Tasu ta ruɓe a damina guda, tamu ta ga jikoki. In kifi na gani, me na ciyar da Dorkas da shi?"

"Da wanda ya makance," in ji Haruna.

Dariya ta zo wa Manasse, tari ya biyo ta. Dorkas ta tallafe kansa, ta dubi Haruna.

"Ka tsamo ta, ko gefe guda ne."

Tun zamanin kakanni koma ba ta barin bagaruwa sai ta kwana. In aka tsamo ta da wuri, rinin ya tsaya a baya, cikin zaren fari fat. Duk da haka Haruna ya miƙe zai nufi tukunya.

"Zauna," in ji Manasse. "Ka taɓa ganin ubanka ya yi haka? Ka bar ta ta kwana."

Ta kwana. Manasse bai kai safiya ba.

Da hantsi fasto ya iso, masunta suka cika ƙofar gida, Musulmi da Kirista. Kafin a ɗauki gawa, Haruna ya tsamo komar, ya ja zare ɗaya ya fasa shi da farce. Rinin ya ratsa har ciki. Ya shanya ta a kan katanga, daidai inda za a wuce da makara, jan ruwa na ɗiga cikin yashi.