Tayoyin Yaya a kan sabuwar kwalta

Yayana ya hau kwalta da tsakar rana da tayoyin da ya rage wa iska, uku suka fashe. Abin da ya faru ke nan. Sauran da ake faɗa a tasha ƙarin gishiri ne, wani ma shi da kansa yake ƙarawa.

Ni mai faci ne. Rumfata tana bakin tasha, inda a da gari yake ƙarewa rairayi ya fara. Yaya kuwa direban rairayi ne tun ina goge hanci da hannun riga. Guguwa ake ce masa. Ƙa'idar rairayi ita ce ka rage wa taya iska har ta baje kamar tafin raƙumi, sai mota ta bi ta sama ba ta nutse ba. In ka fito ƙasa mai tauri ka mayar da iskar. Yaya ba ya amfani da ma'auni. Ƙusa yake dannawa a bakin taya, ya karkata kai kamar mai sauraren gulma, ya ce ya isa.

Sai aka shimfiɗa kwalta. Tafiyar da ake kwana a hanya ta koma a tafi da safe a dawo da yamma.

"Wannan ba tuƙi ba ne," in ji Yaya. "Ko akuya ka ɗora a kujera za ta kai."

Na ce, "To ai Yaya, akuyar tana riga ka kaiwa."

Bai yi dariya ba. Ya ci gaba da bin tsohuwar hanyarsa, fasinjoji suna sauka da yashi a kunne, har suka fara gudun motarsa. Wata safiya mai motar da yake tuƙawa ya same shi a bencina. Ya ce ya ɗauki sabon direba, wani mai baƙin tabarau, ya ba shi ɗaya motar.

"Gobe ku tashi tare, Guguwa. In ya riga ka isa, ka ajiye mini makulli. Na gaji da yin lodi rabi."

Bayan ya tafi Yaya ya zana mini taswira a ƙasa da sifana. Kwalta ta yi kwana ta zagaye tuddai. Shi zai sauka daga kanta, ya rage iska, ya yanke ta tsakiya, ya ɓullo a tsohuwar rijiya. Can Dogo mai injin iska zai cika masa tayoyi, ya sake hawa titi a gaban mai tabarau.

Na ce, "Dogo ya tashi daga rijiya fa. Ba mai bi ta nan yanzu. Ya koma gidan mai."

"Dogo da na sani? Ko rijiyar ta tashi shi ba zai tashi ba."

Da yamma na leƙa gidansa. Matarsa tana tsakar gida tana wanke masa rigar tafiya.

"Ƙanin miji, ka gaya masa gaskiya mana."

"Na gaya masa, Anti."

"Da ƙarfi?"

"Ke da kika aure shi, kin taɓa samun ƙarfin da ya ishe shi?"

Ta matse rigar kamar wuyansa ne. "Sabo turken wawa. Ka sa masa famfon hannu a mota, ko bai so ba."

Na sa.

Yadda aka yi a hanya, wata 'yar kasuwa da ta zauna a gaba ce ta ba ni labari. Ta ce rabin farko kam, a ba mutum haƙƙinsa. Motar ta hau tuddai ta sauka kamar kwale-kwale, ko sau ɗaya ba a ce a fito a tura ba. Yaya yana waƙa, yana nuna musu inda wane ya taɓa kafewa. Suka iso rijiya da wuri. Babu Dogo. Sai turakun rumfa da wata tsohuwar taya da rana ta cinye.

Ya ɗauko famfon hannu yana guna-guni. Fasinjoji maza suka karɓa bi da bi. Sun cika taya ɗaya, suna kan ta biyu, sai ga motar mai tabarau can a kan kwalta. Har da oda ya danna musu.

"Ku shiga!" in ji Yaya.

'Yar kasuwar ta ce, "Baba direba, tayoyin fa?"

"Tayoyin nan sun san ni."

Sun san shi a rairayi. Taya marar iska a kan kwalta mai zafi lanƙwasawa take tana ɗaukar wuta, ga lodi, ga gudu. Ta baya ce ta fara fashewa. Bai gama salati ba ta biyu ta amsa. Ta ukun, in ji matar, a tsaye suke ma ta fashe da kanta, kamar ta ga abin da ya sami 'yan uwanta. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Mai tabarau ne ya kwashe fasinjojin a dawowarsa, shi ne kuma ya kawo mini saƙo. Na ɗaure tayoyi a motar maƙwabcina na tafi. Na tarar da Yaya zaune a inuwar motar, ya juya wa titi baya yana kallon tuddai.

Ina ɗaga jak ya ce, "Ka dai ji na riga shi isa rijiya."

"Na ji. Sai dai ba rijiya aka ce ba."

"Ɗaure notinka, ƙaramin yaro."

Gashina ya fara fari, amma na ɗaure.

Washegari mai motar ya zo rumfata, Yaya na zaune. Ba a yi hayaniya ba. Yaya ya ciro makullin, ya daɗe yana fama da zoben kafin ya raba shi da na ƙofar gidansa. Ya miƙa. Ya tambaya ko zai iya ɗaukar sheburinsa daga bayan kujera, aka ce ya ɗauka. Ya saɓa shi a kafaɗa ya bi gefen kwalta zuwa gida, a ƙafa.