Injin Rake a Kan Kututture

Farkon samun 'yancin kai ne Inuwa kafinta, Allah ya jiƙansa, ya haɗa injin matse rake a Kudan. Ƙarfen sayensa ya yi, amma katakon da ke riƙe da shi aikin hannunsa ne. Doki na zagayawa, ruwan rake na zuba, ana dafa mazarƙwaila.

Matarsa Indo ta cika baki wurin ƙanenta Sada na Likoro, ta ce ya sare rakensa kawai, inji na nan tafe. Sada kuwa ya sare kaf.

Ranar ɗauka aka kawo jakuna, inji ya ƙi motsi. Ashe a kan kututturen tsamiya Inuwa ya kafa shi, ya bi shi da ƙusoshi. Indo ta tuna da raken Sada. Rake in an sare ba ya jiran kowa, bushewa yake. Noman ƙanenta na shekara zai tafi a kan maganarta.

"Malam," ta ce, "da kututturen za a tafi?"

"Laifin Likoro ne, Indo. Gari guda a rasa kututture daidai da nawa?"

"Turmina har gidan suna ake aronsa. Bai taɓa cewa sai an haɗo masa da tsakar gidana ba."

Inuwa ya yi dariya har da tari. "Yau turmi ke koya wa inji tafiya!"

Ya cire ƙusoshin. Ya sassaƙa wa injin ƙafafu nasa na kansa, duk tsayi ɗaya, kowacce ta shiga kowane rami na jikin katakon. Maimakon ƙusa ya fiƙe turaku na itace, a buga a zare. Ya raba shi gunduwa-gunduwa, kowacce daidai bayan jaki. Indo na kawo fura tana mita, yana cewa, "Sai na yi shi yadda ko Sada ba zai iya haɗa shi a karkace ba."

Kafin jakuna su isa Likoro, raken da ke saman tari ya bushe. Sauran duk ya matsu. Sada ya aiko wa yayarsa mazarƙwaila cike da kwando, da saƙo: kada su sa ido ga dawowar injin, mutanen garin Malikanchi sun riga sun are shi, sun ɗora a jakunansu.