Tayar Keken Abinci

Shekara goma sha ɗaya ina ciyar da tsuntsaye a ɗakin binciken nan, kuma tun da maigidana ya kwanta ciwo, da wannan aikin nake riƙe da gida. Ban taɓa jin tsoron tsuntsu ba sai ranar Talatar nan.

Dakta, shugabar binciken, ta raba 'ya'yan kanari ashirin da iyayensu tun ba su yi gashi ba. Kowanne da akwatinsa, wanda sauti ba ya shiga sai an buɗe ƙofa. So take ta gano wace waƙa ce a cikin jini, wacce kuma ake koya a wurin uba. Doka ɗaya ta kafa mini: idan ƙofa na buɗe, ba magana, ba tari. Ni da ake ce wa rediyo a gida, na yi wata uku ina aiki kamar kurma.

Da safen na buɗe akwati na tara, ɗan tsuntsun ya kumbura wuya ya ce ƙiii-ƙit. Na goma ma haka. Na san kukan nan. Tayar keken da nake turo abinci a kai ce. Tun tuni take wannan ƙara, kullum ina cewa gobe zan sa mata mai. Ga shi na saba in bar ƙofa a buɗe, in jawo keken da ƙafa. Na'urar ɗaukar sauti kuwa mutuwa take da an buɗe ƙofa, don haka ba wanda ya taɓa jin ƙarar tayar sai ni da su.

Ina tsaye Dakta ta leƙo, ta yafito ni waje. Fuskarta fal murna.

"Iya, kin ji abin da na ji? Iyaye daban-daban, ba wanda ya taɓa jin ɗan'uwansa, amma duk sauti ɗaya! A jini yake, Iya. Shekara huɗu nake neman wannan."

"Allah ya sanya alheri, ranki ya daɗe," na ce.

"Jibi manyanmu za su zo. Tsuntsayen sun wuce lokacin koyo, sai ki kai su babban ɗaki a buɗe su kowa ya ji."

Kwana biyu ina saƙa da warwara. Na sayo mai, na tsuguna gaban tayar, na kasa ɗiga shi. In na sa, na binne gaskiya, Dakta da ta yi ta zirga-zirga asibiti saboda mijina ta tafi gaban duniya da ƙarya. In na faɗa, na kashe mata shekara huɗu, ni kuma na san hanyar gida. Gaba kura, baya sayaki. Sai na yi abin da matsoraci ke yi, na tura keken bayan ƙofar sito na rufe.

Ranar zuwan manyan, da hannu na yi ta jidar akwatunan, ɗaya bayan ɗaya, bayana kamar zai tsinke. Baƙi sun zauna, an buɗe goma sha biyu. Ina haki na juya zan ɗauko na gaba, Dakta ta riƙe mini hannu.

"Haba Iya, za ki kashe kanki? Zauna ki huta. Ina keken?"

"Ya... yana sito."

"Bari in ɗauko sauran da kaina."

Ta fita. Na zauna ina jin takunta har ya ɓace. Can sai ga shi daga ƙarshen baranda, ƙiii-ƙit, ƙiii-ƙit, yana matsowa. Tsuntsayen suka ɗaga kai, suka amsa gaba ɗaya. Wani baƙo ya yi dariya.

A bakin ƙofa keken ya tsaya. Dakta ta ɗan tura shi gaba, ta dawo da shi baya, tana saurare. Sannan ta ɗago ta dube ni.