Titin Uwar Injiniya

Daga shagon tela maganar ta taso: wai Injiniya ya turo motocin kwalta layin uwarsa, titin da ko rami ɗaya babu, ya bar titin kasuwa yana cinye tayoyin jama'a. Kafin ta iso kunnen Malama, uwar tasa, an ƙara mata gishiri, har an ce ita ta matsa masa.

Malama ta tsufa a aikin koyarwa, kuma ba ta taɓa karɓar amsa don kawai duk aji ya faɗe ta ba. Sai dai Injiniyan autanta ne, ta san taushin zuciyarsa. In gaskiya ne ya yi mata alfarma da aikin jama'a, da wane ido za ta dubi maƙwabta? Ta ɗauki sandarta ta fita.

A layin bayansu ta tarar da leburori. Ɗaya yana hure ƙura daga wata siririyar tsaga, ɗaya yana bi da butar ƙarfe mai dogon baki yana tsiyaya kwalta mai zafi.

"Sannunku da aiki. Titin lafiyarsa ƙalau, kwalliya kuke masa?"

Shugabansu ya yi dariya. "Mama, tsagar nan ƙofar ruwa ce. In ya shiga ya jiƙa ƙasan, baɗi rami za ki gani. Muna toshewa tun tana ƙarama."

"To na kasuwa fa, laifin me ya yi?"

"Wancan ya riga ya mutu. Sai ma'aikatan hukumar ruwa sun sauya bututu, a haƙe shi gaba ɗaya. Faci a kansa damina ɗaya ce."

Maganar ta shige ta. Amma da ta dawo ƙofar gidanta sai ta ga aikin nan daban ne: ana yanka kwaltar da inji, ana kwashe ƙasa, ana zuba sabuwar tsakuwa. Ta soka sanda a ramin, ta ji ta nutse kamar a taɓo. Ga shi nata ya fi na kowa samun gata. Ta nufi wurin aikin ɗanta.

Ta sami Auta a ofis, bayansa taswirar gari, tituna an ja musu kore, rawaya da ja. Ya miƙe da sauri.

"Inna, da kin aiko ai na zo."

"Zauna, ƙafata ba ta ƙare ba. Me launukan nan ke nufi?"

"Kore a bar shi, rawaya a tare shi kafin ya lalace, ja sai sabon gini. Kowane da shekararsa."

"Wa ke zaɓa, kai?"

"Masu awo. Ni hannu nake sawa."

"To me ya sa na maƙwabta tsiyaye, nawa har da fiɗa? Kada ka yi min sosa ƙeyar nan, tun kana yaro na san ta."

Ya sauke hannu.

"Layinki tun bara ya kamata a toshe tsagarsa, Inna. Na ji tsoron a ce na fifita uwata, na tsallake shi. Ruwan damina ya shiga ƙarƙashi. Shi ya sa ake haƙawa."