Ranar da Maman Othniel Ta Fito a Lahira

Tun farko na gaya wa Fasto Wilson kada ya sa Maman Othniel a wasan Ista, amma shi in ya riƙe makirufo ba ya jin kowa. Wai shiga wasan zai sanyaya mata zuciya. Matar da ɗanta tilo ya tafi karatu Mubi, garin ya faɗa hannun 'yan daji, ta yi ta tsayuwa a bakin gadar Jimeta tana duba fuskokin masu gudun hijira har ƙafafunta suka kumbura. Ba Othniel, ba gawarsa. Shekaru sun shuɗe, har yau ta hana a yi masa addu'ar mamaci.

Wasan ba wuya. Danny mai gyaran janareta shi ne Abadan, mala'ikan ramin halaka. A shafe masa fuska da gawayi, a ba shi takobin kwali, ya kora yaran majami'a zuwa ga Lahira. Lahira kuwa ita ce Maman Othniel, riƙe da gefen wani baƙin ƙyalle da aka ɗaure a jikin ginshiƙi. Yaran su shige bayan ƙyallen su sa fararen riguna. Da an busa ƙahon tashin matattu ta saki ƙyallen, su fito da tsalle, mu 'yan Zumuntar Mata mu buga tulu mu ɗauki waƙa.

Ran Ista majami'a ta cika har waje. Danny ya yi ta gurnani yana zare ido, jama'a na dariya, yara na faɗawa bayan ƙyalle ɗaya bayan ɗaya. Ni dai fuskar Maman Othniel nake kallo, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Duk yaron da ya zo wucewa sai ta shafa kansa.

Aka busa ƙaho. Ba ta saki ba.

Mai ƙaho ya sake busawa har jijiyar wuyansa ta tashi. Hannuna na kan bakin tulu, na kasa bugawa. Fasto ya matso da murmushin dole, ya manta makirufo a kunne yake.

"Mama, lokaci ya yi. Saki mana."

"Ba na saki, Baba Fasto," ta ce. "Wanda ya haɗiye nawa, wa ya busa masa ƙaho? Ya fara saki, ni ma in saki."

Danny ya ajiye takobinsa a hankali, ya zauna a ƙasa. Wani yaro ya fara kuka a bayan ƙyalle, zafi ya dame shi. Uwarsa Aunty Lilian ta miƙe ta kira sunansa, ya rarrafo ta ƙasa ya ruga wurinta. Sai sauran iyaye suka bi sahu, kowace ta kira nata, kowane ya fito. Na ji haushinsu, Allah ya sani, ko da yake ni ma da jikata na ciki da haka zan yi.

Da wurin ya yi tsit, Maman Othniel ta leƙa bayan ƙyallen. Ta kira sunan ɗanta, da irin muryar da ake kiran yaro ya zo ya ci tuwo kafin ya huce.

Muka tsaya muna jira, har da Fasto.