'Ya'yan Yaya da Ke Cikin Faranti

A wurin aikinmu, in ka ji ana yi wa mutum barka, to sankara ce ta rayu a hannunsa. Na san maganar ba daɗin ji, amma haka sana'ar take. Likita zai yanke ƙari daga jikin mara lafiya, a aiko mana da ɗan guntu a kwalba, mu daddatsa shi, mu zuba a farantin roba tare da wani ruwa ja-ja, mu sa a akwatin ɗumi, mu shiga lallashi. Ba duka ƙwayoyin muke nema ba. A cikin ƙari akwai wasu 'yan tsiraru da muke ce wa iri. Magani ya shiga ya kashe dubbai, su kuwa su yi lamo, sai an ce mutum ya warke kowa ya watse, sannan su miƙe su ci gaba da hayayyafa. In ba ka raya su a faranti ba, ba ka da abin da za ka gwada sabon magani a kai.

Sankara iri biyu muke bi: ta fankiriyas, wata 'yar tsoka da ke kwance bayan tumbi, da ta ƙwan mahaifa. Duk biyun ba sa sallama, sai sun gama shimfiɗa tabarma ake sanin sun shigo.

Shekaru na yi ina wannan aiki, kuma duk abin da aka kawo mini mutuwa yake yi. Abin da ya gagari likitoci a jikin mutum, a hannuna kwana kaɗan yake yi ya sheƙa. Ogana, wani dattijo mai tabarau da ba ya dariya sai abu ya lalace, yakan ce da hannuna za a daka a ba marasa lafiya, da tuni an rufe asibiti. Nakan yi yaƙe, in wanke hannu, in sake sabon faranti. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya yi mata komai.

Ana cikin haka Yayata ta fara kumburin ciki. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da keken ɗinkinta ta yi mini karatu, kuma har na yi furfura ba ta daina kirana Auta ba. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, mu biyu ne a gida. Ta sha maganin gyambon ciki har ta gode Allah, kafin na ja ta asibiti da ƙarfi. Aka ce ƙwan mahaifa ne, sai an yi aiki an cire komai.

Da aka tambaye ta ko ta yarda a ba masu bincike guntun abin da za a yanke, ko tunani ba ta yi ba. Ta ce a kai wa Auta, ko ta huta da mitar ba ta da kayan aiki.

A ƙa'ida bai kamata in san nata ba. Kwalba da lamba take zuwa, ba suna. Amma ranar tiyata ɗaya kawai aka yi, kuma ni na kwana a bakin ɗakin tiyata, to ko makaho ai ya gane. Oga ne ya daddatsa da kansa. Da na koma aiki ya miƙo mini farantan kamar na kowa, na karɓa.

Sai ga shi sun kama. Wata safiya na leƙa madubin ƙara girman ƙwayoyi, na ga 'yan dunƙule zagaye suna ƙyalli, suna yawo a cikin ruwan. Na zuba musu irin maganin da ake ƙara wa Yaya a jijiya, yawancinsu suka mutu suka taso sama, 'yan tsirarun nan suka sake haɗa kai suka dunƙule. Oga ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce barka, ya aika aka sayo wa kowa lemon kwalba.

Ni kuwa, da yake mai hali ba ya fasa halinsa, na kwaso murnar nan na kawo gida. Na tarar da Yaya a kan tabarma, kai ba gashi ko ɗaya, tana farke wata riga. Tun daga bakin ƙofa na ce mata sun kama. Ta tambaya su wa, na yi mata bayani, ta yi ta dariya har da tari.

“Ashe dai ni ma na haihu,” in ji ta. “Sai da aka cire mahaifar sannan.”

Daga ranar suka zama 'ya'yanta. In na dawo aiki sai ta tambaye ni yaran sun ci? Ba sa rigima? In ce sun cinye har ruwan ya koma ɗorawa, don haka yake yi in sun ƙoshi. Ta ce gadon ci suka yi wurin ƙanwar uwarsu. Na san abin da rayuwarsu a farantin take iya nufi, ba yarinya ba ce ni. Amma Oga ya sha faɗa mana faranti daban, mutum daban, na kama wannan magana na riƙe da hannu biyu.

Yaran nan kuwa akwai shagwaɓa. Bayan kwana biyu ko uku sai an kwashe tsohon ruwa an zuba sabo, ba ruwansu da Asabar, ba ruwansu da Lahadi. Mun yi ƙoƙarin daskarar da wasu don ajiya, yadda ake yi wa sauran ƙwayoyi, amma duk wanda aka daskarar ba ya farkawa. Ke nan abin da ke cikin akwatin ɗumin nan shi ne duka, ba wani a wani wuri. Shi ya sa kowace Lahadi nake ɗaukar jaka in hau mota in tafi, ginin ba kowa sai ƙarar firji.

Gashin Yaya ya tsiro, ta koma kan keke, har ta karɓi ɗinkin wasu 'yan makaranta. Shekara ba ta zagayo ba cikin ya sake tasowa. Wannan karon likita bai yi dogon bayani ba. Aka ja ruwan cikin, ya dawo, aka sake ja, aka ba mu maganin rage zafi aka ce mu koma gida. Ta daina tambayata yaran.

Wata Lahadi da hantsi, na gyara mata matashi, na ajiye mata kwanon amai kusa da hannu, na ɗauki jaka. Ta bi ni da ido har bakin ƙofa.

“Ina za ki, Auta?”

Na ce zan ba su abinci in dawo, ba zan daɗe ba. Ta ce in zo in zauna tukuna. Ta tambaye ni me nake ba su, na lissafa mata, sukari ne da gishiri da wasu sinadarai. Ta ce ita ko ruwa ba ya zama a cikinta. Sannan ta tambaya ko waɗanda ke farantin da waɗanda ke cinta yanzu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Na fara kewaye-kewaye, ta ɗaga mini hannu. Na ce e.

“To me yake kashe su?”

“A faranti? Bilic.”

“Bilic na wanki?” Ta so ta yi dariya, ciki ya hana. “Ina nan ana ɗura mini abin da ya zubar mini da gashi, ashe maganinsu yana bayan ƙofar banɗaki. Je ki zuba musu.”

Na zauna a bakin gado, jaka a cinya. Haushi ne ya fara kama ni, ba zan ɓoye ba, haushin shekarun da na ƙarar a gaban madubi. Bayansa kunya ta biyo. Ranar ban je ko'ina ba.

Washegari na faɗa wa Oga. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce haƙƙinta ne, duk wanda ya ba da naman jikinsa yana da ikon cewa ya fasa, kuma in ta ce a zuba, shi da kansa zai zuba. Amma ya roƙi a bar shi ya je ya gaishe ta. Da yamma sai ga shi da ledar lemu, ya zauna a kan kujerar keken ɗinki, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa. Ya yi mata bayani a hankali, bai yi mata ƙarya ba. Ya ce ita dai ba za su amfane ta ba, watakila ma ba za su amfani kowa ba, amma su kaɗai ne na ƙwan mahaifa da suka taɓa rayuwa a hannunmu, kuma akwai magunguna da ke jiran a gwada a kansu.

Yaya ta saurare shi ido a rufe. Da ya gama ta ce masa telansa ya cuce shi a wuyan riga. Sannan ta buɗe ido.

“Na fasa bilic ɗin,” in ji ta. “Amma muddin ina numfashi, kada wanda ya ba su ko ɗigo. Ni ba na ci, su ma kada su ci. A bar ni da su, mu ga wanda zai riga wani. In na riga su, naku ne.”

Oga ya ce ya ji, ya ɗauka. Washegari ya tura farantan can ƙuryar akwatin ɗumi, ya manna musu tef, ya ba ni hutu.

Kwanakin da suka biyo baya ba na yi wa maƙiyina fatan su. Na san tsawon lokacin da ƙwaya take iya yi ba abinci, sanin yana cikin kaina ko ina so ko ba na so. Ina juya Yaya, ina goge mata baki da auduga, wani sashe na kaina yana can yana cewa yau ruwan ya yi ɗorawa, yau ya fara tsami, yau na tsakiya sun fara tasowa. Duk safiyar da ta buɗe ido nakan gode wa Allah da zuciya ɗaya, kuma ina tsoron wata rana in kama kaina da zuciya biyu. Oga bai taɓa bugo waya ba, na kuma gane dalili. Ko “ya mai jiki” ya ce, da wata ma'ana zai shigo kunnena.

Yaya kuwa ta riƙe wuta. Likita ya ce kwanaki, ta wuce kwanakinsa ta ƙara da nata. Ba ta cin komai, ta rame har zobenta ya faɗo cikin zanin gado, amma kullum da safe sai ta motsa baki in kara kunne, ta ce, ba a ba su ba ko? In ce ba a ba su ba. Da taurin kan nan ta raine ni, da shi kuma take kwance.

Ranar ƙarshe da ta yi magana, da la'asar ne, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan murfin keken. Ta damƙe mini yatsa.

“Sun mutu?”

Ban je ba, ban gani ba. Amma bisa duk abin da na karanta da duk abin da ya taɓa mutuwa a hannuna, ba abin da zai kai haka da rai.

“Tuntuni, Yaya. Kin kayar da su.”

Ta saki yatsan, ta gyara kai a kan matashi. Ta ce dama ta sani, ba a haifi ɗan da zai fi uwarsa ba. Bayan kwana biyu ta cika.

Sai da masu gaisuwa suka tsagaita na koma aiki. Niyyata in zubar da farantan in wanke akwatin, don kada in bar wa wani. Tef ɗin yana nan yadda Oga ya manna shi. Ruwan ya ƙafe saura kaɗan, ya yi kalar fitsari, gawarwaki sun taru a sama. Na ɗauko jarkar bilic na ajiye a gefen hagu. Sabo ne kawai ya sa na ɗora faranti ɗaya a ƙarƙashin madubi, don ba ma zubar da abu ba mu leƙa ba.

Tsakiya ba komai sai dusa. Na matsa gefe, nan ma haka. Can a bakin farantin, inda ɗan ruwa ya taru, na ga dunƙule ƙanana, zagaye, suna ƙyalli. Sun yi abin da suka saba yi, sun yi lamo sun jira.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Na tsane su, ban taɓa tsanar wani abu haka ba a rayuwata. Kuma duk faɗin duniya, su kaɗai ne abin da ya rage na jikin Yaya da yake da rai. Na gaya mata sun mutu, ta tafi da wannan. Ita kuma ta ce in ta riga su, namu ne, kuma ba ta taɓa yin magana biyu ba.

Ban ji shigowar Oga ba sai da ya tsaya a bayana. Na matsa masa, ya sunkuya ya leƙa. Na ga bakinsa ya buɗe da kansa, kalmar da muka saba ta zo har leɓe, ya haɗiye ta. Ya miƙe, ya ɗauki jarkar bilic ya riƙe, yana jiran abin da zan ce.

Na ce ya mayar da ita ƙarƙashin famfo. Na buɗe firji na ɗauko kwalbar jan ruwan nan, na sa ta a ruwan ɗumi, don ba sa son abinci mai sanyi. Na ja kujera na zauna ina jira ta yi ɗumi.